Ciyaman ya sa hannu, mu zuba kuɗi? Amsa kan gidajen rahusa a Legas

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo cikin shugabannin 'yan gwari na kasuwar Mile 12. Ya ce wani kamfani ya same su da tsarin gina wa 'yan ƙungiyarsu gidaje masu rahusa, ɗaki biyu da falo, a wani fili can bayan Ikorodu. Mutanen kamfanin sun nuna musu wasiƙa mai hatimin ƙaramar hukuma, ciyaman ya sa hannu cewa ya duba tsarin ya amince, har da hoton da suka ɗauka da shi a ofis. Yanzu suna so kowa ya ba da kashi 30 cikin 100 kafin alƙalami. Alhaji yana tambaya ko amincewar ƙaramar hukuma ta wadatar, in kuma ba ta wadatar ba, wa ke da ta cewa.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya sa wa kasuwa albarka. Ba ta wadatar ba, kuma ina roƙonku kada kowa ya fitar da ko sisi tukuna. Ban ce wasiƙar ta bogi ce ba. Mai yiwuwa ciyaman da hannunsa ya rattaba, da kyakkyawar niyya ma. Sai dai a Legas ciyaman ba ya mallaka wa kowa fili, ba ya kuma ba da izinin gini. Duka biyun a hannun gwamnatin jiha suke, a Alausa da ke Ikeja. Iyakar abin da wasiƙarsa take nufi shi ne yana maraba da aikin a yankinsa. Ranar da jami'an jiha suka zo da jan fenti suka shafa wa katanga, babu wanda zai tsaya karanta ta.

Na san daga inda ruɗanin yake zuwa, don ni ma a can na tashi. A garuruwanmu mutum kan sayi gona ko fuloti, mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, a je sakatariya a karɓo takarda, a kwana lafiya. Wannan yana da tushe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa aka kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, sannan ta raba ta biyu. Wadda aka ayyana birni, gwamna ke riƙe da ita kai tsaye. Wadda ba birni ba, ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin zama na gargajiya a kanta. To Legas ita ce mafi ƙanƙanta cikin jihohi, murabba'in kilomita 3,577 kacal, kaso mai yawa ruwa ne da fadama, kuma tuntuni aka ayyana kusan dukkanta birni. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma bai taka kara ya karya ba. Ko a gida ma, mai son gini a cikin birnin Kano KNUPDA yake nufa, na Kaduna KASUPDA, ba sakatariya ba.

Batun izinin gini kuwa Kotun Ƙoli ta raba gardama tun 2003, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya. Ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jiha ne, ko da filin na tarayya ne. In tarayya sai ta roƙi izini, ina ga ƙaramar hukuma? A 2010, zamanin Fashola, jihar ta yi dokar tsara birane da ta haifar da hukumomi uku. LASPPPA ita ke duba zane ta ba da izini. LASBCA ita ke bin gini tun daga harsashi har ya kammala, ita ce kuma mai jan fenti da katafila. LASURA tata sabunta tsofaffin unguwanni ce. Suna da ofisoshin shiyya a yankuna daban-daban, abin da kan sa mutane su ɗauka ma'aikatan ƙaramar hukuma ne. Ba nata ba ne, na Alausa ne aka turo.

Za ku ji masu cewa ai Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yanci a watan Yulin 2024. Hukuncin nan a kan kuɗi ne da zaɓe: a tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, gwamnoni kuma su daina naɗa kantomomi. Bai taɓa dokar ƙasa ba. Sannan ku sake duba kan wasiƙar. Kundin tsarin mulki ƙananan hukumomi 20 ya sani a Legas. Sauran 37 ɗin, waɗanda ake kira LCDA, Tinubu ne ya ƙirƙiro su a 2003 yana gwamna, kuma har yau ba su shiga kundin ba. A yankin Ikorodu kaɗai akwai irinsu biyar: Imota, Ijede, Igbogbo-Baiyeku, Ikorodu ta Arewa da Ikorodu ta Yamma. Suna aiki, suna da ciyaman da kansiloli, amma ikonsu a kan fili bai fi na uwar da ta haife su ba.

Kada ku fahimce ni cewa ciyaman ba shi da amfani a gare ku. Yana da shi, a inda ba a cika nema ba. Kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, ƙananan tituna da kwatocinsu, raɗa wa layi suna da ba gida lamba, duk nasa ne. Ƙungiyoyin raya unguwa, CDA, a wurinsa suke rajista, kuma ta bakinsu ake jin koken unguwa in jiha za ta sake tsarin yanki. In aiki babba ne da doka ta wajabta a auna illarsa ga muhalli, ana ajiye rahoton a sakatariya kwana 21 na aiki don kowa ya karanta ya yi ƙorafi, ko da yake da wuya ka ga wanda ya je. Da ni ne ku, abin da zan nema a wurinsa a rubuce shi ne alƙawarin hanyar shiga filin da magudanar ruwa, da shekarar kasafin da za a sa su. Wannan yana hannunsa, kuma yana rage tsadar gida ƙwarai.

Yanayi guda ne wasiƙarsa take da nauyi: in filin na ƙaramar hukumar ne, ta shiga haɗin gwiwa da kamfani, ita ta kawo fili shi ya kawo kuɗi. Ana yin haka a Legas. Amma a nan ma ku nemi takardar da ta nuna filin nata ne, da ƙudurin majalisar kansiloli, da yarjejeniyar haɗin gwiwar, da shaidar cewa jiha ta sani. Ciyaman shekara huɗu yake yi. An yi zaɓe a 2017, 2021 da 2025, kuma wanda ya hau ba dole ne ya san alƙawarin wanda ya sauka ba in ba a rubuce yake a fayil ba.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ya fi nutsewa, wato filin kansa. Tun shekarun 1970 da 1980 gwamnatocin Legas suka karɓe manyan yankuna a takarda, musamman ta Lekki, Epe, Badagry da Ikorodu. Mutanen ƙauyukan suna zaune a wurin, suna noma, suna sayarwa, amma a taswirar gwamnati filin nata ne. Karɓewar iri biyu ce. Akwai wadda aka riga aka ware don wani aiki, kamar titi, makaranta, gidajen gwamnati ko gonar gwamnati. Wannan ba ta da magani, duk abin da aka gina a kai na jiran katafila ne. Akwai kuma wadda aka karɓa a dunƙule ba a ware ta don komai ba. Ita wannan a kan yafe wa ƙauye wani yanki daga ciki, abin da ake kira eksishan, a buga shi a gazet ɗin gwamnati da iyakokinsa. Wanda ya riga ya saya a irin wannan wuri wani lokaci a kan bar shi ya biya gwamnati ya halatta zamansa, wato ya sayi fili ɗaya sau biyu.

Kalmar da za ku fi ji a bakin dillalai ita ce eksishan yana kan hanya, fayil na Alausa. Ma'anarta har yanzu filin na gwamnati ne. Tana iya yafe shi duka, tana iya yafe rabi, tana iya ƙi, kuma babu mai ce muku fulotinku zai faɗa cikin rabin da aka yafe. Ko gazet aka nuna muku, ba sunan ƙauyen ne abin dubawa ba, lambobin iyaka ne. Ƙauye kan samu kadada kaɗan a gazet, iyalan su sayar da ninkin haka da gazet ɗaya.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ku ɗauki safiyo naku mai rajista, ba na kamfanin ba. Ku je da shi ya tsaya a kan filin da ƙafarsa ya ɗauki lambobin kusurwoyi, don an sha nuna fili a nan a kawo taswirar wani can. Ya kai ofishin Babban Safiyo na jiha a ɗora lambobin a kan taswirar gwamnati, a ba ku amsa a rubuce: fili ne sakakke, ko karɓaɓɓe, ko wanda aka ware. Lauyanku kuma ya je rajistar filaye ya duba takardar mallakar, C of O, ya ga da sunan wa take, don wane amfani aka bayar, kuma ko an jinginar da ita a banki. Wannan na ƙarshen mutane na mantawa da shi. Kamfani na iya riƙe da takarda mai kyau, alhali ya ci bashi a kanta, ranar da ya kasa biya bankin bai san da ku ba.

In filin na gado ne na iyalin Yarbawa, al'adarsu da kotuna suka amince da ita ita ce shugaban iyali ne ke sayarwa tare da manyan gidan. In wasu 'yan gida suka sayar babu shi, ciniki bai yi ba sam. In shi ya sayar da sunan iyali babu su, suna iya zuwa kotu su warware. Daga nan rigimar omo onile, wato 'ya'yan iyalan da suka gaji filin, take tsirowa: wannan ɓangare ya karɓa, gobe wancan ya zo ya ce bai gani ba, a biya kuɗin harsashi, a biya na dakin, wato zuba kankaren saman bene, a biya na rufi. Dokar kare kadarori ta 2016, ta zamanin Ambode, ta haramta ƙwacen fili da ƙarfi da tatsar masu gini, har da ɗauri, akwai kuma runduna ta musamman a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Ta rage abin, ba ta kashe shi ba. Ku tambayi kamfanin ƙarara wa zai ɗauki wannan nauyi, a rubuta.

Wani abu kuma: C of O sau ɗaya ake bayarwa a kan fili. Duk wanda ya saya daga baya, takardar cinikinsa sai ta samu amincewar gwamna kafin doka ta san da ita. A 2015 an rage kuɗin wannan zuwa kashi 3 cikin 100 na ƙimar da gwamnati ta yi wa kadarar, amma da kuɗin lauya da na safiyo da sauran 'yan kunji-kunji yakan haura. Ku sani tun yanzu ko yana cikin farashin da aka faɗa muku. Galibi ba ya ciki.

In fili ya fita, sai zane. Rukunin gidaje izini biyu yake buƙata: na shimfiɗar unguwar gaba ɗaya, inda ake nuna tituna da kwatoci da fulotai da filin makaranta ko masallaci, sannan na kowane gini. Masu duba fayil sukan fara da tambayar ko yankin na zama ne a babban tsarin Ikorodu, ko na noma, ko na masana'antu. Sai tazarar gini daga iyakar fuloti: a fulotin zama na yau da kullum, mita 6 a gaba, mita 3 a gefe da baya. Fulotin Legas ƙafa 60 ne da 120, ya ɗara hamsin da ɗari da muka saba, amma kamfanoni da yawa yanzu suna yanka rabi su kira shi fuloti, in aka cire tazara abin da ya rage bai kai yadda aka zana a takardar talla ba. Sai yawan gidajen da za a cusa, da wurin ajiye mota, da nisa daga babban layin wuta da bututun mai. Zanen gini sai mai zane mai rajistar ARCON ya sa hatimi, na ƙarfin gini injiniya mai rajistar COREN, rahoton tsari kuma irinmu masana tsara birane masu rajistar TOPREC. Bene yana buƙatar gwajin ƙasa. Mai nema kuma sai ya nuna shaidar biyan haraji.

Abin da ya fi kayar da fayil a wannan ɓangare ruwa ne, kuma ku ba sai an yi muku bayani ba. Kun ga yadda Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu suke zama duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan ya biyo kogin Ogun. Ofishin magudanan ruwa na ma'aikatar muhalli sai ya tabbatar filin bai hau hanyar ruwa ba. Ku je ku ga wurin a Yuni ko Yuli, ko kuma Oktoba, ba da rani ba. Filin da ke buƙatar ciko da yashi, da harsashin shimfiɗa ko na turaku, kuɗin da za a binne a ƙasa kafin a ga bulo ɗaya zai iya cinye rahusar duka. Arahar filin fadama ta ranar saye ce kawai.

Bayan izini LASBCA ke ba da takardar fara aiki, ta riƙa zuwa duba harsashi da kowane dakin, a gwada kankare da rodi, a ƙarshe ta ba da shaidar cewa gini ya cancanci a zauna. Mutanenmu kan ɗauki wannan a matsayin hanyar cin kuɗi kawai, kuma ba zan rantse cewa kowane jami'i tsarkakakke ne ba. Amma benen Ita-Faji da ya rufta da 'yan makaranta a Maris 2019, da mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi da ya kashe fiye da mutum 40 a Nuwamba 2021, su ne dalilin da ya sa ba na ba kowa shawarar ya kauce. Iyalanku ne za su kwana a ciki.

Sai rahusar. Ni a nan na fi tsayawa in an kawo min irin wannan tsari, kuma tambaya ɗaya nake yi wa mai kamfani: daga ina sauƙin ya fito? Gida ba ya araha don an rubuta haka a allo. Lateef Jakande, gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje a Amuwo-Odofin, Abesan, Iponri, Oke-Afa, Iba da sauransu, har yau mutane na ciki. Sun yi sauƙi ne don filin na gwamnati ne ba saye aka yi ba, zanen iri ɗaya ne ba ado, titi da ruwa jiha ta ɗauka, biya kuma a hankali. Kamfanin yau sayen fili yake yi, ya sallami iyalai, ya yi ciko, ya ja titi da turakun wuta da rijiyar burtsatse da kuɗinsa. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen shekarar, na bankunan kasuwa kuwa sama da haka. Saboda haka in gidansa ya yi araha, ɗayan waɗannan ne: an ba shi fili kyauta, ko wani ya sa tallafi, ko ya samu bashi mai sauƙi, ko gidan ƙarami ne, ko wurin da nisa ƙwarai. Duk waɗannan halal ne, kuma mai gaskiya zai nuna muku wanne ne nasa da takarda. In babu ko ɗaya, saura biyu: a rage rodi da siminti, ko kuma a karɓi kafin alƙalami a yi katanga da ƙofa mai kyau a tsaya nan.

Ko na gwamnati ma a yi lissafi. Fashola ya buɗe tsarin sayar da gidajen gwamnati na LagosHOMS a 2014, a ba da kashi 30 a biya sauran cikin shekara 10. Da aka ga mutane ba sa iya tara kashi 30 ɗin, Ambode ya kawo tsarin haya har a mallaka a ƙarshen 2016: kashi 5 a farko, saura cikin shekara 10 da kuɗin ruwa kashi 6. Akwai irin waɗannan gidaje a Igando, Igbogbo, Sangotedo da ɓangaren Epe. Tsarin ya fi na banki nesa ba kusa ba. Amma mu ɗauka, misali kawai, gida naira miliyan 20 ne. An ba da miliyan 1, saura 19. A raba wata 120, ya kama kusan naira 158,000 duk wata, kuɗin ruwa bai shiga ba. Mafi ƙarancin albashi a Legas naira 85,000 ne tun ƙarshen 2024. Ƙa'idar masu ba da lamunin gida ita ce kada biya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samun mutum, ke nan sai mai samun kusan naira 475,000 a wata. Dillalin tumatir mai sauke tirela zai iya. Yaron da ke ɗaukar kwando, da mai kasa albasa a bakin titi, ba da su ake ba. Ku zauna ku ƙirga mutum nawa ne a ƙungiyarku za su iya irin wannan biya har a watannin da kaya ke yankewa, kafin a sa sunan kowa.

'Yan kasuwa sun san wannan labari ta wata fuska. Kasuwar Tejuosho ta ƙone a 2007, aka sake gina ta da haɗin gwiwar 'yan kasuwar gini, aka buɗe a 2014 gwanin kyau, amma da yawa cikin masu tsofaffin rumfuna ba su iya kuɗin sababbin shaguna ba. In ba a rubuta wa za a ba da nawa za a ba shi tun kafin a fara ba, mai kuɗi ne ke shiga.

Nisa ma kuɗi ne. Motar BRT ta haɗa Mile 12 da garin Ikorodu tun 2015, amma daga garejin Ikorodu zuwa Imota ko Agbowa wata tafiya ce, ku kuma kaya tun kafin asuba suke sauka. Na tabbata mutanen kamfanin sun ce muku ai za a mai da kasuwar Imota. An daɗe ana faɗa, ga ku nan har yau a Mile 12. Kada a sayar muku da gida a kan wannan zance.

Ra'ayina, tunda kun tambaya. Biyan kashi 30 a kan gidan da ko izini bai samu ba cinikin biri ne a sama. In kamfanin ya kawo takardar fili da ta tsallake binciken safiyonku da lauyanku, da izinin shimfiɗa, da izinin gini mai lamba da za ku iya tabbatarwa a ofishin LASPPPA na shiyya, da shaidar rajista da LASRERA, hukumar da ke sa ido kan dillalai da kamfanonin gidaje, to a yi magana. Ko a nan kada kuɗi ya tafi hannunsa kai tsaye. A buɗe asusu da sai wakilinku da nasa sun sa hannu, a riƙa saki mataki-mataki, harsashi, dakin, rufi, bayan injiniyanku ya gani. A rubuta ranar miƙa makulli, da abin da zai faru in siminti ya tashi, da yadda wanda ya kasa ci gaba zai karɓi kuɗinsa. Ku kuma je ku ga wani aikin da ya taɓa gamawa, ku yi hira da mazauna wurin ba tare da shi ba.

Amma hanyar da na fi ganin tana kai 'yan kasuwa gida ita ce wadda ba ta da ƙyalli. Ƙungiya ta haɗa kuɗi kamar adashi ta sayi fili mai tsabtar takarda, ta nemi izinin shimfiɗa sau ɗaya, a yi zane guda ko biyu da kowa zai bi, sannan kowa ya gina gwargwadon ƙarfinsa, ɗaki da falo da banɗaki a fara, harsashin kuma a yi shi yadda zai ɗauki ƙari. Kuɗin safiyo, lauya, mai zane da injiniya in an raba wa mutum hamsin ba ya nauyi. A ware wasu fulotai a yi ɗakunan haya masu tsabta don yaran kasuwa, don su mallakar gida ba ita ce damuwarsu ta yau ba, wurin kwana ne da ba za a tashe su ba. Haka yawancin Agege da Idi-Araba suka ginu, a hankali, bambancin kawai wannan karon da takarda.

Takardar nan ita ce ke raba wanda za a biya diyya da wanda za a kora. Doka ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da aka gina ce, ga wanda ke da haƙƙi. A Maroko a Yulin 1990, zamanin Raji Rasaki, an tashi mutum kusan 300,000. A Otodo Gbame a 2016 da 2017, kimanin 30,000. 'Yan uwanmu na Alaba Rago sun yi gomman shekaru a wurin, da rasit na kasuwa da sanin hukumomi, amma aka ba su wa'adin tashi a 2022, rusau ya biyo baya. Daɗewa a wuri da sanin manya ba su tsayar da katafila ba. Kada kuma wani ya ce muku ɗan Arewa ba ya samun takarda a nan. Sashe na 43 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar kadara a ko'ina a Najeriya. Abin da ke tare mutanenmu ba asali ba ne, rashin katin zama na LASRRA ne da shaidar haraji ta LIRS. Tikitin da kuke yanka kullum a kasuwa, komai yawansa, ba ya zama shaidar haraji. Ku sa sakatarenku ya fara wannan tun yanzu, don ko gidajen gwamnati ba a nema sai da su.

Wasu cikinku za su tsaya a kan kuɗin ruwa, kuma da gaskiyarsu. Bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin Jaiz, TAJ da Lotus, suna da rassa a Legas, kuma ana yin gida ta hanyar ijara ko murabaha. Ba lallai ya fi araha ba, su ma kuma ba za su taɓa filin da ba shi da takarda ba. Ku kai wa malamanku ainihin yarjejeniyar su karanta, ba labarinta ba.

Saura sunan da za a sa a takardar filin. Al'adarmu ce a ce a sa sunan Alhaji wane, ai amintacce ne. Amintacce ne, Allah ya ja kwana, amma ranar da ta Allah ta kasance, a idon doka filin ya shiga gadonsa, magada na Kano ko Sakkwato da ba su san yadda aka tara kuɗin ba su zo da haƙƙinsu. Ku yi wa ƙungiyar rajista a matsayin ƙungiyar gama kai a ma'aikatar kasuwanci ta jiha, ko ta amintattu a CAC, a sayi filin da sunanta. Kowane mamba a ba shi takardar fulotinsa da lambar da ta dace da shimfiɗar da aka amince da ita, a rubuta wanda za a tuntuɓa a gida in ya rasu, sakatare kuma ya riƙe littafi ɗaya, ma'aji ɗaya, na uku a wurin lauya.